Muryar Baba a Falon Tayil

Sana'ata ɗaukar murya. In ka taɓa shiga kasuwar Kankiya ka ji lasifika a kan baro tana rantsuwa cewa ga maganin da ke tumɓuke basir tun daga saiwa, ko wanda ke kashe ɓera har da jikokinsa, ta yiwu a shagona aka ɗauki wannan ƙaryar. Shagon ɗan ƙuƙut ne, na lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu da kiret-kiret na ƙwai, har wasu kan leƙo su tambaye ni ina kajin suke. Ba don ado na yi ba. Murya in ta fito daga baki ba kunne kaɗai take nufa ba. Tana bugun bango ta dawo, ta bugi rufi ta dawo, ta tarar da kalmar da ta fito bayanta su cakuɗe. Abu mai laushi ne ke shanye ta ya hana ta dawowa. Iyakar ilimina ke nan a lokacin, kuma da shi nake ci da iyali.

Babanmu kuwa mahaƙin rijiya ne a Kusada. A doron ƙasa kalmominsa ba su wuce uku ba: to, madalla, Allah shi kyauta. Amma da zarar an zura shi rami sai ya zama wani mutum daban. Ya yi waƙa, ya yi habaici, ya zagi masu jan guga har da kakanninsu, su kuma suna sama suna dariya. Mutane kan ce a rijiya yake ajiye bakinsa, in ya fito ya baro shi can. Da burtsatse ya shigo gari aikin ya mutu, gwiwa kuma ta ƙi, sai shirun ya samu wurin zama. Innarmu daga Fakuwa ya ɗauko ta, bayan ya haƙa wa mahaifinta rijiya. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunanta ba, balle ya yaba mata ko da miya ce. Ita ma “babanku” take cewa, tana kallon wani wuri. Irin kunyar mutanen da ce, wadda ni har yau ban gane ko ƙauna ce ko taurin kai ba.

Wata ƙaramar Salla na ce a raina, ni da nake adana muryar masu maganin ɓera, ai abin kunya ne a ce ba ni da ta ubana. Na buga wa Yaya waya, babban wanmu da ke zaune da su a gida, na ce zan zo da rakoda a ɗauki tarihin Baba. A zuciyata na riga na zaɓi wuri: ɗakin Inna. Ginin ƙasa ne, rufin azara, ga katifa, ga zannuwa rataye a igiya, ga buhunan gero a lungu. Duk Kankiya da Kusada babu situdiyon da ya kai shi.

Ina shiga gida na ga kujerun kushin a tsakar gida, kafet a naɗe a jikin bango, labule a kan igiyar shanya. Na ɗauka tashi za a yi. Ashe falon Yaya ne, sabon falon da ya zuba wa tayil ya yi wa silin, wanda ko kaza ba ta isa ta leƙa ba, aka kwashe shi tas saboda ni. A gidanmu haka ake karrama abu: a share, a kwashe, a ba shi fili. Matar Yaya ta wanke tayil ɗin har yana ɗaukar ido, aka ajiye kujerar roba ɗaya a tsakiya da ɗan teburi.

Na ce, “Yaya, ai da ɗakin Inna ya fi.”

Ya dube ni kamar na zagi wani. “Ɗakin ƙasa? Tarihi fa ka ce. Mun kwashe komi don muryar ta samu wurin sakewa. Tarkacen ga ai shanye ta za su yi.”

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Shanye ta za su yi, kuma abin da ake nema ke nan. Na tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falon, tafin ya yi ta yawo kamar ya ɓata hanya. Yaya ya yi murmushi ya ce, “Ka ji ko? Kamar masallacin Juma'a.” Matarsa, wadda abokiyar wasata ce kuma ba ta taɓa raga mini ba, ta ce, “Tun asuba nike wanki, mijina. In ka ce a mayar da kayan ga, kai za ka auri taɓarya yau.” An ce bin na gaba bin Allah. Na bi, na ce a raina in na kusanto da rakoda bakin Baba, bango ba zai samu abin cewa ba.

Ban yi shawara da Baba ba. Yana zama ya ture rakodar zuwa ƙarshen teburi, ya ce shi ba jariri ba ne da za a riƙa cusa masa abu a baki. Na nuna masa jar fitilar da ke jikinta, na ce in tana ci, to tana ji. Ya ce to. Na tambaye shi rijiyar farko da ya haƙa, ya ce da daɗewa. Na ce wacce ta fi zurfi, ya ce duk da zurfinsu. Na ce ko akwai wadda ta taɓa rufta masa, ya ce Allah shi kyauta. Muna cikin wannan gagarumar hira injin markaɗen maƙwabta ya tashi, falon ya karɓe shi hannu biyu ya ninka. Na miƙe na fita in roƙi mai injin ya ɗan saurara. Layin mata na tarar da robobin wake, kowacce da abin faɗi, na fi minti ashirin ina ba da haƙuri. Da na dawo na iske Baba ya bar kujerar, ya zauna ƙasa a lungun taga, ya juya wa teburin rabin baya. Ya ce ya gaji. Na kashe rakoda ina jin haushin kowa, na juye abin a kwamfuta, ban ƙara waiwayarsa ba.

Da damina Baba ya rasu. Kwana uku ya yi a kwance, bai ƙara a kan kalmominsa uku ba.

Sai bayan sadakar arba'in na iya buɗe fayil ɗin, wata ranar Laraba da babu ciniki. Na ji “da daɗewa”, na ji “duk da zurfinsu”, na yi dariya, na yi hawaye. Na ji injin ya tashi, na ji fitata, can kuma injin ya mutu. Sai na ji an ja kujera, da takun ƙafa mai ciwo, sannan muryar Baba da ƙarfi: “Kai akwatin ga, an ce in jar wutar ga na ci kana ji.” Na ƙara sauti. Daga nan muryar ta yi nisa, ta yi ƙasa. Na tsinci “uwar yaran ga”, na tsinci wani abu mai kama da Fakuwa. Sauran kusan minti biyu sai ƙugi, kalma na hawa kan kalma, kamar mutum na magana da kansa a cikin tulu.

Kuskuren da na yi shi ne na gaya wa matar Yaya. Kafin la'asar labari ya isa ɗakin Inna. Da na je gaishe ta ranar Juma'a tana zaune kan tabarmar takaba, ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa, ta tambayi ko an yi ruwa a Kankiya. Har na ɗauki hulata, sannan ta ce wa bango, “Wai an ce babanku ya bar wata magana cikin akwatinka.”

Na ce, “Ya bari, Inna, amma falo ya ɓata ta. Sai an wanke.”

Ta ce, “Yo ba wani abu ba ne. Na ce ko sallahu ne.”

Shekara fiye da hamsin tana zaune da mutumin da bai taɓa cewa komai a kanta ba, ranar da ya ce kuma falon Yaya ya cinye. Na fito ɗakin ina ji kamar in ɗauki diga in farfasa tayil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da abin da ke hannuna. A manhajar da nake aiki da ita akwai wani maɓalli na rage amsa-kuwwa. Yadda yake aiki, yana ƙiyasta cewa bayan kowace kalma akwai jelar da ɗaki ke ja mata, sai ya rage ƙarfin wannan jelar. In jelar gajera ce, ba laifi. Ta falon Yaya kuwa ta fi kalmar kanta ƙarfi, domin Baba ya yi nisa kuma ya juya baya, abin da ya iso rakoda yawancinsa ta bango ya biyo. Na murɗa maɓallin kaɗan, babu canji. Na murɗa shi sosai, jelar ta tafi ta ɗauki rabin maganar, abin da ya rage sai wani ɓul-ɓul kamar ana zuba ruwa a gora.

Sai na koma intanet, wurin manhajojin nan masu ƙwaƙwalwa da aka ce suna mayar da muryar cikin kasuwa ta koma ta gidan rediyo. Na tura, cikin minti ɗaya aka dawo mini da murya garau, babu ƙugi ko kaɗan. Matsalar ɗaya ce: ba Baba ba ne. Wani saurayi ne mai cikakkun haƙora, yana furta wasu abubuwa da ba Hausa ba, ba kuma wani yare da na sani ba. Ashe irin wannan manhajar ba wankewa kaɗai take yi ba. Inda ba ta ji ba sai ta cike da abin da ta saba ji a bakin mutanen da aka koya mata da su, kuma ga alama babu mahaƙin rijiya a cikinsu. Na goge shi nan take. Ƙarya ta masu maganin basir ce, ba zan kai wa Inna ba.

Da dabara ta ƙare na tuna wani abokina da muka yi sakandare tare, yanzu yana koyar da injiniyancin lantarki a Katsina. Na kira shi, ya fara da dariyar minti biyu a kan labarin kwashe falo, sannan ya yi magana. Ya ce amsa-kuwwa ba baƙuwa ba ce, maganar da aka riga aka yi ce take dawowa a makare. Saboda haka akwai hanyar da kwamfuta ke duba abin da aka faɗa ɗan lokaci kaɗan da ya wuce, ta lissafa yadda ɗakin zai maido shi, ta cire wannan daga abin da ake ji yanzu. Sai dai dole a bar ɗan tazara, kada ta ɗauki kalmar da ke fitowa a matsayin jela ta haɗa da ita. Ya tambaye ni makirfo nawa ne a rakodar, na ce biyu. Ya ce madalla, kunne biyu ya fi ɗaya gane abin da ya zo kai tsaye da abin da ya biyo ta bango. Ya turo mini manhajar, ya ce amma saitin ni zan nemo: tsawon jela, da faɗin tazara.

Na ce, “Ta yaya, alhali ban san abin da ya faɗa ba?”

Ya ce, “Ka koma ɗakin, ka mayar da shi yadda yake ranar. Ka fasa balan-balan ka ɗauka, za ka ga tsawon jelarsa. Sannan ka zauna inda ya zauna ka faɗi abin da ka sani. In saitin ya fito da maganarka, zai fito da tasa.”

Haka na koma Kusada na tsaya gaban matar Yaya na ce a kwashe falo.

Ta ajiye muciya. “Maimaita in ji. Wata huɗu kana yawo da mu gari cewa mun yi ƙauyanci da munka kwashe kaya. Yanzu kai da bakinka?”

Na ce, “Ni da bakina.”

Ta ce, “To wallahi kai za ka ɗauki kushin.”

Ni na ɗauka kuwa, har da mai zaman mutum uku, Yaya na tsaye yana ba da umurni kada a goga masa fenti. Na naɗe kafet, na sauke labule, na nemo kujerar robar da teburin, na ajiye rakoda daidai inda Baba ya ture ta. Sai na fito da ledar balan-balan na Salla na fara hurawa. Ka tuna gidan makoki ne, Inna na takaba, masu gaisuwa ba su daina zuwa ba. Na farko da na fasa, wata tsohuwa da ta zo daga Sukuntuni ta zubar da butarta ta yi salati. Na biyu, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko lafiya. Bayan na biyar na zauna ƙasa a lungun taga, na juya baya kamar yadda na iske Baba, na fara magana ƙasa-ƙasa. Da na rasa abin faɗi sai na ɗauko abin da na haddace, tallan maganin ɓera, daga farko har ƙarshe, sau bakwai.

Ina ji Yaya a bakin ƙofa yana gaya wa matarsa a hankali, “Rasuwar ga ta taɓa shi. A nemo rubutu.” Da na fito an ajiye mini kofi a rufe. Na shanye, don na gaji da bayani.

Sauran aikin a shago na yi shi, tsakanin mai maganin sanyi da mai tallan takin zamani, kusan wata biyu. In na ƙara tsawon jela, tallan ɓerana ya shaƙe. In na rage, ƙugi ya dawo. Sauti mai kauri jelarsa daban, mai siriri daban, kowanne da nasa saitin. Wata safiya na kunna, na ji kaina daga lungun falon Yaya ina cewa “har da jikokinsa” sarai. Ban taɓa komai ba. Na ɗauko fayil ɗin Baba na zura shi a wannan saitin. Muryar ta fito siririya, busasshiya, kamar ta tsohuwar rediyo, amma tasa ce, da gurbin haƙoransa da komai. Na saurara sau ɗaya na rufe shago.

Da hantsi na isa. Inna na sauran 'yan kwanaki ta fita takaba. Na ce na wanke, ta ce to. Na ajiye ƙaramar lasifika a gefen tabarmarta na kunna.

“Uwar yaran ga,” in ji Baba. “Ina cikin rijiyar gidansu can Fakuwa, gaba goma, anka ce ta zuro mani hura. Ta sa ƙwarya cikin guga ta sako da gaggawa. Guga ya bugi bango, hurar duk ta ƙare bisa kaina. Ta leƙo ta ce, ta iso? Na ce ta iso, ta yi daɗi. Ko ludayi ban sha ba. Har yau ban hwaɗa mata ba.” Ya gyara murya. “Rijiyar ba ta yi wani ruwan kirki ba, zartsi gare ta. Amma ni ban yi asara ba.”

Shi ke nan. Sai ƙarar takalmina ina dawowa.

Inna ta dubi lasifikar. Sannan ta ce, “Ƙarya shikai. Ruwan gidanmu har maƙwabta na zuwa ɗiba.” Ta gyara mayafi. “Hurar ko ai na gan ta. Ya hito da gero har cikin kunne, shina ta wani cin magani. Ni makauniya ce?”

Na yi dariya har na shaƙe, ita kuwa ko murmushi. Na fara naɗe waya ina jin kaina kamar wanda ya ci kofi, sai ta ce, “An ce akwai wadda ba ka wanke ba.”

Na ce, “Waccan ba a jin komai, Inna. Ƙugi ne kawai.”

“Sa mani.”

Na sa mata. Muryar ta cika ɗakin, mai kauri, tana birgima, kowace kalma na jan jelarta. Na ga hannun Inna ya tsaya a kan carbi. Ta rufe ido, ta karkata kai gefe kamar mai leƙen wani abu a ƙasa.

“Wannan ce,” ta ce. “Ni ba ganin shi na hwara yi ba, jin shi na hwara. Kwana da kwanaki ina share tsakar gida, muryar ga na hitowa daga rami, shina waƙa, shina zagin masu guga. Ban san ko baƙi ne ko hwari ba.” Ta nuna lasifikar da haɓa. “Waccan da ka wanke ta mutumen da ke zama zaure ce shi ce to. Wagga ita ce na aura.”

Na buɗe baki in gaya mata wata nawa na yi, da kushin da na ɗauka, da rubutun da na sha, na ga ba ni take kallo ba. Ta zaro 'yar wayarta daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini. Na zuba mata mai ƙugin, na nuna mata maɓallin da za ta danna. Ta ce in ja mata ƙofa.

Na tsaya a tsakar gida kusa da randa. Ta cikin ƙofar ina jin Baba yana ruri daga ƙasan falon Yaya, ko kalma ɗaya ba a ganewa. Na san tsawon fayil ɗin kamar tafin hannuna, sai na riƙa ƙirgawa a zuci. Daidai inda guga ya bugi bango, na ji Inna ta fashe da dariya.